Gwaggo Saude da Shinkafar Kanwa

A Jajaye idan aka ce Gwaggo Saude, ba sai an ƙara da 'yar wane ko matar wane ba. Gajeruwar tsohuwa ce baƙa, mai saurin tafiya, wadda hannunta ba ya zama haka kawai. Ko gaisawa kuke yi, za ka ga tana ɓarar gyaɗa ko tana zagar zogale. 'Ya'yanta duk mata ne kuma duk suna ɗakunansu: babbar, Barira, tana nan cikin gari, ɗaya tana Rogo Sabon Gari, autar kuma a Daura ta Ƙaraye. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa wuce Kano ba. Abin da ya sa zancenta ya fita daban da na sauran tsofaffi shi ne wata gona da ta gada, da jar shinkafar da take nomawa a ciki.

Lokacin da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado, gonakin tudu na gero da gyaɗa maza suka ɗauka. Da aka gangaro fadama, sai aka iske wani yanki a can ƙarshe, wajen da ruwa ke kwanciya, mai faɗin gaske amma babu mai so, domin kanwa ta cinye shi. Da rani idan ka hango shi sai ka ce gari aka shanya, awaki na ta kai da kawo suna lasa. Da damina farin yakan ɓace, ƙasar ta yi santsi kamar sabulu, duk abin da aka shuka ya fito ya yi tsawon ɗan yatsa, bakin ganyen ya ƙone, shi ke nan ya kwanta. Dattawa suka ba Saude zaɓi: ko wani ɗan wuri mai kyau can nesa da gari, ko kuwa wannan fili, haɗe da wani siririn gefe mai ƙasa mai daɗi da ke jikinsa. Ta ɗauki na kanwar. Daga baya mutane sun so su ce ta hango abin da wasu ba su hango ba, ita kuwa ba ta yarda a ɗora mata wannan.

"Babu abin da na hango," in ji ta. "Kusa da gida ne. Ƙafar Malam na tausaya wa."

Malam shi ne mijinta, Malam Yusha'u, mutum mai sanyin magana wanda ya yi yawon ci-rani a kudu da ƙuruciyarsa, kafin ya dawo ya riƙe noma da ɗinkin hula. Shekara da shekaru siririn gefen nan kawai yake nomawa. Jar shinkafa yake yafawa, irin wadda kowa ke da ita a lokacin, sauran filin kuma aka bar wa awaki.

Sai da Saude ta fara aurar da 'ya'ya, ta shiga sahun matan da ba a tambayarsu ina za su, sannan ta soma leƙa gonar da ƙafarta. Wata kaka ta je da ƙwarya za ta kankaro ƙasar kanwa ta kawo wa tumakinta, sai ta ga abin da ya tsayar da ita. Ashe idan Malam yana yafa iri, wasu ƙwayoyi kan tsallaka su faɗa cikin kanwar. Galibinsu sun mutu kamar kullum, busassun ganyensu na nan manne da ƙasa. Amma a tsakaninsu ga wasu 'yan tushe sun tsaya, gajeru, ramammu, kowanne ɗauke da 'yar zangarniyar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Ta murza ɗaya ta ga da ƙwaya a ciki. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tsinke, ta ƙulle a bakin zaninta.

Da ta nuna wa Malam, bai yi mata dariya ba. Ya juya zangarniyar a hannu ya ce ta tuna masa da wasu itatuwa da ya gani a bakin teku, lokacin da yake dako a wajen masu jirgin kwale-kwale. Itatuwan a cikin ruwan gishiri suke tsaye, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, ruwan da ko jaki ba zai kai baki ba su shi suke sha. Wani iri ma, in ji shi, idan ka shafa bayan ganyensa ka lasa yatsa, gishiri za ka ji, kamar itacen yana fitar da shi ta jiki yadda mutum ke yin gumi.

"To 'ya'yansu fa?" Saude ta tambaya. "Su ma haka suke, ko sai sun girma suke sabawa?"

"Tun suna jikin uwar suke tsirowa," in ji Malam. "Su faɗo cikin laka su kama. Ban taɓa ganin wanda ya zo ya koya musu ba."

Wannan amsar ita ta riƙe. Masu ilimin tsirrai suna cewa juriyar gishiri aba ce da ke cikin ƙwayar iri, uwa ta miƙa wa 'ya, kuma a cikin shuka iri ɗaya ma wani tushen ya fi wani samunta. Saude ba ta san da wannan bayani ba. Ita dai abin da ta ce shi ne, tunda waɗannan sun sha kanwa ba su mutu ba, bari ta ga ko 'ya'yansu sun gado su.

Da damina ta zagayo ta shuka 'yan ƙwayoyin a bakin kanwar, ta kewaye da ƙaya. Fiye da rabi suka mutu, amma waɗanda suka rayu sun fi na bara yawa. Daga nan ta samu hanyar aikinta, kuma hanyar ta saɓa wa ta kowa. Manomi idan zai cire iri, zangarniyar da ta fi girma da cika yake nema, daga wajen da gona ta fi kyau. Ita kuwa sai ta wuce masu kyan, ta nufi inda ƙasa ta fi muni, inda shukar ta yi tsilli-tsilli, ta tsinko na can da 'yar wuƙa, komai ƙanƙantarsu. Su take shanyawa daban, ta murje da hannu, ta zuba a wata tsohuwar tukunya ta liƙe bakin da laka. Kowace shekara ta ɗan ƙara matsawa ciki. Wata shekarar ta ci taku biyu, wata shekarar kanwar ta ƙwace abinta. Ta kuma riƙa zuba takin tumaki da ɓuntun shinkafa, ta yanka 'yar hanya don ruwan farko ya wanke ƙasar ya wuce. A haka, cikin shekaru kusan ashirin, jar shinkafa ta rufe mafi yawan filin, sai wata da'ira a tsakiya da ta gagara.

A tsakanin nan duniya ta canza. Farar shinkafa mai doguwar ƙwaya ta shigo, ita ake nema a kasuwar Rogo, Malam ma ya mai da siririn gefensa na fara. Ja ta koma abincin gida. Har yanzu akwai masu yafa ta a fadamar, kuma a ido babu abin da ya raba tasu da ta Saude: ɓawo ɗaya, launi ɗaya, tuwo ɗaya mai nauyi da ke riƙe ciki har yamma. Shi ya sa babu wanda ya taɓa zuwa neman irinta. Masu wuraren kanwa sun gwammace su bar su haka. Ƙanenta Audu, wanda yake yaro lokacin rabon gado, yakan tsaya a kan kekensa ya yi mata tsiya.

"Yaya, an ce tuwonki ba ya buƙatar a sa wa miya kanwa. Gaskiya ne?"

"Ka zo ka ci ka ji," takan ce. "Ai ka saba, ba yau ka fara lashe mini tukunya ba."

Malam kaɗai ya san yadda take yi. Idan kaka ta yi, shi yakan hana kowa sa lauje sai ta gama zagayenta da 'yar wuƙarta.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, sannan ya ɗauke. Tsiron farko ya ƙone. Da ruwan ya dawo Saude ta juye duk abin da ya rage a tukunyar ta sake yafawa, ba ta bar ko ƙwaya ba. Shukar ta kama, ta yi kyau fiye da yadda aka zata. Ana cikin marka Malam ya kwanta da ciwon ƙirji, shinkafa na fitar da kai Allah ya karɓi abinsa.

Saude ta shiga takaba. A lissafinta, ja ba za ta isa yanka ba sai an yi sadakar arba'in da 'yan kwanaki, don haka ta bar zancen a ranta, da niyyar idan taro ya watse ta kira Barira ta kwatanta mata inda za ta tsinko. Abin da ba ta sani ba shi ne tsuntsayen jan baki sun sauka a fadamar, kowa yana rige-rigen kwashe nasa. Audu ya ga gonar yayarsa za ta tafi a bakin tsuntsu. A wajensu kuwa ba a shiga wa mai takaba da zancen gona, ana ganin rashin tausayi ne. Sai ya yi abin da ɗan'uwa nagari ke yi: ya kira gayya, aka yanke, aka buge, aka kai gidansa. Farar ya adana mata don sayarwa. Jar kuma, tunda ta ci ce, ga kuma taron sadaka na tafe, ya sa matan gidansa suka yi guminta gaba ɗaya, wato suka turara ta da ɓawonta suka shanya, aka kai inji. Shinkafar da ta sha wuta kuwa ba ta ƙara tsirowa.

Ranar sadakar, da hantsi, Barira ta shigo ɗaki da kwanon shinkafa da wake ta ajiye gaban uwarta. Saude ta buɗe, ta ga launin, ta ɗebi kaɗan ta tauna.

"Wannan daga ina?"

"Taki ce, Inna. Kawu Audu ya sa gayya tun kwanaki. Ya ce kada a faɗa miki, kada a ɗaga miki hankali."

"Kira mini shi."

Audu ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, suka gaisa, ya ƙara yi mata ta'aziyya. Fuskarsa a sake take, irin ta wanda ya san ya yi abin kirki.

"Audu, sannu da ɗawainiya. Allah ya saka. Iri fa?"

"Na cire, Yaya. Da hannuna na zaɓa." Ya aika aka ɗauko wani dami, ya kwance a gabanta. Farar shinkafa ce, zangarniya manya-manya, kowace ta sunkuya don nauyi. "Kin gani? Ko Malam, Allah ya jiƙansa, iyakar abin da zai zaɓa ke nan."

"Na jar nake tambaya."

"Ja kuma? Wa ke ajiye wa ja iri? Ai ko'ina akwai ta. Ranar kasuwa sai in auno miki ko kwano nawa kike so."

Ta daɗe tana kallon damin. A tsakar gida ana ta rabon abinci, tana jin ƙarar kwanuka da addu'ar masu karɓa. Aikin shekara ashirin ne ake ci, kuma sadakar mijinta ce. Ta rasa ta inda za ta ce ba ta yarda ba.

"Duka kuka yanke?"

"Ban da na can wajen tsakiya. Waɗannan ba su kai a sa musu lauje ba, ko gwiwa ba su kawo ba. Mun bar wa masu kala."

Sai a nan ta yi masa bayani, a taƙaice, ba tare da ɗaga murya ba. Audu ya cire hula ya mayar. Ya ce zai je gonar yanzu-yanzu. Ya je ya dawo da la'asar: shanu sun riga sun shiga, babu komai sai kututture. Amma an ce masa Talatu ce ta fara shiga kala, tun kafin kowa.

Talatu tsohuwa ce doguwa mai kaifin baki, sa'ar Saude, tare suka yi tallar fura suna yara. Mijinta ya daɗe da rasuwa bai bar mata ko taku ɗaya na ƙasa ba. Da kala take rufa wa kanta asiri: idan an gama girbi ta bi gonaki da buhunta, ta tsinci abin da lauje ya bari, ta riƙa yin guminsa kaɗan-kaɗan tana ci har bazara. Kuma dokar kala a garin a fili take. Abin da mai gona ya bari ya fita daga hannunsa. Wanda ya bi mai kala ya ce ta dawo masa da shi, ya jawo wa kansa abin faɗi har jikoki.

Saude ta so ta tashi ta tafi da kanta. Matar liman, da ta zo gaishe ta, ta ce mata mai takaba na iya fita da rana idan lalura ta kama. Amma wa zai yarda tafin shinkafa lalura ce? Ta san abin da za a ce: ko takabar Malam ba ta gama ba, ga ta nan a hanya tana bin hatsi. Sai ta aiki Barira. Barira kuwa kunya ta kama ta, ta tsaya daga bakin zaure ta faɗi saƙon a gurguje, ya fito ba yadda aka ba ta ba.

"Inna ta ce wai shinkafar da kika kalato a gonarta, wai tana so."

Talatu ta fito da muciya a hannu. "Ta ce me? Je ki ce wa uwarki a gaban mutane na shiga, da rana tsaka, bayan an ɗauke dami na ƙarshe. Idan sata na yi, ta kai ni wajen dagaci. Shekara nawa ina kala a garin nan, ko masu rowar gaske ba su taɓa aiko mini ba, sai Saude?"

Barira ta dawo tana hawaye ta ce ita ba za ta sake komawa ba. Audu ya ce zai je ya saya, Saude ta hana, ta ce wannan zai ƙara ɓata abin ne, kamar ana cewa bakinta na da farashi.

Haka ta zauna sauran watannin. Ta san yadda Talatu ke yi: duk bayan 'yan kwanaki ta ɗebi kwano ɗaya daga buhun ta ɗora a wuta. Tana zaune a ɗaki da carbi a hannu, rabin zuciyarta na wajen Malam, rabi na wajen buhun da ke raguwa a wani gida. Ta sha yi wa kanta faɗa a kan haka, ba ta kuma daina ba.

Ranar da ta fita takaba, bayan ta yi wanka ta sa sabon zani, al'ada ita ce ta zaga dangi ta yi godiya. Ta ce wa Barira dangi su jira. Ta ɗauki 'yar ƙwarya ta nufi gidan Talatu.

Ta same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Ta yi sallama, Talatu ta amsa ba ta ɗago ba. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, da gajiya da sanyi da haƙurin rashi, domin ko ana faɗa ba a tauye wannan. Sannan Talatu ta ajiye rariya.

"To, 'yar gado. An fito ke nan. Da dogarai kika zo, ko ke kaɗai ce?"

Saude ba ta zauna a tabarmar da aka nuna mata ba. Ta durƙusa a ƙasa, ta ajiye ƙwaryar a gabanta, ta tura ta kaɗan.

"Kalarki taki ce, Talatu, halak malak. Yarinya ce ba ta iya magana ba, ni kuma na yi kuskuren aikenta. Ni yau iri na zo roƙo."

Talatu ta tsaya. A garin ana iya hana mutum rance, ana iya hana shi aron jaki, amma wanda ya zo da ƙwarya ya ce iri yake roƙo ba a mayar da shi hannu wofi, kuma idan ya girbe yakan kai wa mai irin nasa rabon. Sai dai masu gona ake roƙo. Tunda Talatu take, babu wanda ya taɓa durƙusa mata a kan wannan.

"Ke Saude, ba'a kika zo yi mini? Ni da ko wajen shanya barkono ba ni da shi?"

"Da ba'a ce da na aiko Audu, ya fi ni iyawa. Duk garin nan babu mai irin da nake nema sai ke."

Ta kwashe labarin ta faɗa mata, tun daga ranar da ta je kankaro wa tumaki ƙasa. Talatu na ji tana girgiza kai.

"Wato waɗannan 'yan tsugunannun, da na yi ta zagin wanda ya shuka su saboda ciwon bayan da suka sa ni? Su ne dukiyar?"

"Su ne."

"To tashi daga ƙasa, kada gwiwar ta ƙi miƙewa a ce ni na karya ki." Ta kalli ƙwaryar. "Amma kin makara, 'yar'uwa. Da kin zo da bakinki tun farko. Na ci. Kuma ban ware ba, ta gonarki da ta gonar maƙwabcinki Sulle da ta kowa duk buhu ɗaya na zuba."

Ta shiga ɗaki ta jawo buhun. Ya kwanta, babu komai sai a can ƙasa. Ta zazzage a faifai: shanshera ce, wato wadda ba a cire wa ɓawo ba, haɗe da ƙasa da tsakuwa da kashin ɓera. Ta ce wannan ba ta yi guminta ba ne don ta yi datti da yawa, kaji take watsa wa. Suka zauna su biyu suka sheƙe, suka tsince farar suka ware. Jar da ta rage ba ta cika ƙwaryar ba. Saude ta baza ta a tafin hannu tana dubawa, ta kasa cewa ga tata ga ta Sulle.

"Yanzu ya za ki gane taki?" in ji Talatu.

"Ni ba zan gane ba. Ƙasar za ta gane."

Da damina ta faɗi, ba ta yi gaggawa ba. Ta bari ruwa ya zauna sosai, ya wanke filin, don ba ta da na sake shuka idan wannan ya ƙone. Audu ya kawo taki a amalanke, ya juye ya tafi, washegari ya sake kawowa. Ya ba da shawara a shuka a gefen Malam mai ƙasa mai daɗi, don a samu yawa tukuna. Ta ƙi. Ta ce a can duk za su rayu, nata da na wasu, ta girbe su a cakuɗe, baɗi ma ba ta san abin da ke hannunta ba. Ta zaɓi wuri a cikin kanwar, ba tsakiya ba, ba kuma baki ba, ta binne ƙwayoyin ɗaya-ɗaya da yatsa maimakon yafawa, ta kewaye da ƙaya kamar shekarar farko.

Duka suka tsiro, kore shar. Da suka kai tsawon ɗan yatsa sai bakin ganye ya fara ƙonewa. Kullum da safe Saude na can tsugune, tana kallon layi bayan layi yana yin ja yana kwanciya. Talatu ma ta fara biyo ta, wai ta zo ganin inda aka kai abincin kajinta.

"Wannan ta Sulle ce," takan ce idan ta ga wanda ya mutu. "Ragwaye kamar mai su."

Mako ya bi mako, mutuwar ta tsaya. Abin da ya rage tsaye bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a kai ba, a warwatse, nan tushe uku can tushe ɗaya. Gajeru ne, ba su da kyan gani. Suka yi ciki, suka fitar da kai. Saude ta ɗaure tsummoki da gwangwanaye a kan sanduna, ita da Talatu suka riƙa karɓa-karɓa wajen korar tsuntsu har ƙwaya ta yi tauri.

Da 'yar wuƙarta ta girbe su, dami ɗaya da ba ya buƙatar gammo. Ko ƙwaya ba a dafa ba. Ta murje, ta raba biyu daidai, ta ɗauki rabi ta kai gidan Talatu a matsayin rabon mai iri.

"Wannan ba na tukunya ba ne," ta ce. "Kuma ba na kaji ba."

"To in yi me da shi? In rataya a wuya?"

"Ki shuka. Filin nan ya fi ƙarfina ni kaɗai, kuma ba na so irin ya sake kwana a gida ɗaya. Ki ɗauki ɓangaren gabas, aro, muddin ranki."

Talatu ta ce ita a tsufanta ba za ta fara noman kanwa ba, mutane su ce ta haukace kamar wasu. Ta faɗi haka tana neman tukunyar da za ta zuba.

Damina uku ke nan da yin wannan. Jar shinkafar ba ta koma inda take a da ba, ko rabin filin ba ta rufe ba tukuna, kuma Gwaggo Saude takan ce ba lallai ta ga ranar da za ta kai tsakiya ba. Barira ta koyi zagayen wuƙa, tana kuma da tata tukunyar a ɗakinta. Audu ba ya sa lauje a gonar sai ya aiko ya tambaya. Idan kaka ta yi, mai wucewa ta ƙarshen fadama zai hangi tsofaffi biyu a sunkuye, doguwa a gabas gajeruwa a yamma, suna ɗaga murya don kowace ta ji 'yar'uwarta. Talatu har yanzu hannunta na zuwa kan manyan zangarniya na bakin gona, Saude kuma tana hango ta daga nesa.

"Ba wannan ba! Shiga ciki, wajen munanan!"

"Na ji! Gonata ce ko taki?"

Sai Talatu ta saki babbar, ta tattare zani, ta taka cikin santsin ƙasar ta nufi ciki.